Mai Jiran Kira a Kan Dutse

Akwai wani mutum da ya yi shekaru masu yawa yana aiki a wata masaƙa a birni, yana kula da injin saƙa. Mutum ne mai himma, ba ya makara, ba ya ƙorafi. Sau ɗaya a shekara yake zuwa ƙauyensu, lokacin Kirsimeti, ya kwana biyu ya juya, gama kullum aiki yana jiransa.

Wata rana aka tara ma'aikata aka ce an rufe masaƙar. Shugabansu ya ce, "Kowa ya koma gida tukuna. In al'amura sun daidaita za mu kira ku a waya." Mutumin ya daure ya zauna a birni har zaman ya gagare shi. Sai ya kai matarsa da yara wurin iyayenta, shi kuwa ya ɗauki jakarsa ya koma gidan mahaifinsa a tsakiyar damina, kansa a sunkuye.

Zaman ya yi masa zafi ƙwarai. Abin da ya fi ci masa rai shi ne gaisuwa. Duk wanda ya gamu da shi a hanya sai ya ce, "Ina kwana? Yaya aiki?" Shi kuwa ya amsa, "Da godiya," ya wuce da sauri. Ran Lahadi yakan zauna a bencin baya na majami'a, kafin a gama addu'ar rufewa ya riga ya sulale.

To, a ƙauyen nan waya ba ta samun sabis sai a kan wani dutse da ke bayan gari. Saboda haka kowace safiya mutumin yakan yi wanka, ya sa rigarsa mai guga kamar mai zuwa aiki, ya hau dutsen, ya ajiye wayar a kan gwiwarsa. Can yake wuni. Har ƙadangarun dutsen suka saba da shi, suka daina gudu. Matan da ke wucewa zuwa rafi suka sa masa suna mai gadin dutse.

Mahaifinsa tsoho ne mai kiwon zuma. Da hannunsa yake saƙa amya da ciyawa, ya shafe ta da kashin shanu, ya turara ta da wani haɗin saiwoyi da shi kaɗai ya sani, sa'an nan ya ɗora ta a kan itace, ƙudan zuma su zo su shiga. Amma yanzu gwiwoyinsa sun ƙi, ba ya iya hawa. Ga amya uku ya saƙa, suna jingine a zaure.

Da damina ta fara janyewa, tsohon ya ce wa ɗansa, "Ɗana, lokacin da zuma ke neman gida ya yi. Zo mu je gindin ɗorawa, ka hau ka ɗora mini amyar nan. Ni ina ƙasa ina nuna maka reshe."

Ya ce, "To, Baba, sai gobe."

Gobe ta zo ta wuce. Tsohon ya sake magana, ɗan ya ce, "Baba, in na bar dutsen nan aka kira fa? Wani za su ba aikin."

Da tsohon ya kuma tuna masa, sai ransa ya ɓaci. Ya ce, "Baba, don Allah ka ƙyale ni. Ni fa ba zama na zo yi ba, kira nake jira."

Tsohon ya ce, "To, Allah ya sa a kira ka."

Kada mu yi saurin zagin mutumin nan. Yana ƙaunar mahaifinsa. Abin da ke zuciyarsa shi ne, ranar da ya hau itace da amya a baya, ranar ce ya yarda cewa ya zama mutumin ƙauye, aikin birni ya tafi ke nan. Muddin yana kan dutse da rigar guga, yana jin shi ma'aikaci ne da ke ɗan hutu.

Wata rana da hantsi, daga kan dutsen, ya hangi mahaifinsa yana dogara sanda, yana jan amya ɗaya a ƙasa har gindin ɗorawa. Tsohon ya jingine ta, ya ɗaga kai yana duban rassa, ya dafa kututturen, ya gwada ɗaga ƙafa, ya kasa. Sai ya zauna a inuwa shi kaɗai. Zuciyar ɗan ta karye, ya yunƙura zai sauka. Nan take wayar ta yi ƙara. Ya cafke ta, ashe caji ne ya kusa ƙarewa. Kafin ya gama jin haushi, tsohon ya riga ya kama hanyar gida, yana jan amyarsa a baya. Ɗan ya ce a ransa, ba kome, gobe da sassafe.

Bayan an shigar da dawa rumbu, zazzaɓi ya kwantar da tsohon. Bai daɗe a kwance ba Ubangiji ya kira shi gida.

Ana cikin zaman makoki sai ga wani abokin aikinsa na masaƙa a kan babur, bai ma san an yi rasuwa ba. Ya yi gaisuwa, sa'an nan ya ja mutumin gefe ya ce, "Abokina, ka yi haƙuri, ga albishir a ranar baƙin ciki. An buɗe masaƙa. Shugaba ya ce kada a dogara da waya, a bi tsofaffin ma'aikata har gida. Ni aka aiko wurinka."

Mutumin ya ce, "Har gida?"

Abokin ya ce, "Har gida mana. Ko kana tsakiyar jeji da sai na nemo ka."

Abin da ya yi watanni yana roƙo ke nan, ga shi ya samu. Amma idonsa na kan amya ukun da ke jingine a zaure.

Da yamma ya faɗa wa mahaifiyarsa. Ta ce, "Mun gode wa Allah." Sa'an nan ta dube shi ta ce, "Ranar da ka iso da jakarka kana jin kunya, ka san abin da babanka ya yi? Ɗaki ya shiga ya durƙusa yana godiya. Shekara da shekaru yana roƙon Ubangiji ya ba shi ɗan lokaci tare da kai kafin ya tafi. Ya fito yana murmushi ya ce mini, an amsa."

Ɗan ya ce, "Mama, na ɗauka zuma yake so."

Ta ce, "Wace zuma? Tun yaushe likita ya hana shi zaƙi? So yake ka hau, shi yana ƙasa yana yi maka faɗa, kamar lokacin da kake yaro."

Mutumin ya fita bayan gida ya yi kuka mai zafi. Kafin ya koma birni ya tuɓe rigar guga, ya hau ɗorawar, ya ɗora amya ukun duka. Aikin bai kai rabin yini ba. Amma bai san reshen da ya dace ba, bai kuma san haɗin turaren ba, mahaifiyarsa ma ba ta sani ba. Kowace Kirsimeti yakan je gindin ɗorawar ya ɗaga kai. Zuma ba ta taɓa shiga ba.

Ma'anar wannan misali ita ce, lokacin da kake zaune ba aiki, shi ma lokaci ne daga hannun Ubangiji, yana kuwa wucewa kamar kowane lokaci. Mutumin nan ya ɗauka rayuwarsa ta tsaya cik ranar da aka rufe masaƙa, sai an kira shi za ta ci gaba. Amma a watannin nan damina ta wuce, zuma ta nemi gida a wani wuri, mahaifinsa kuma ya ƙarasa kwanakinsa.

Dutsen shi ne duk inda muke zuwa mu ɓoye kunyarmu da sunan jira. Na wani bakin titi ne, na wani ɗaki ne a rufe da waya a hannu. Amya kuwa ita ce ɗan aikin ƙauna da ke jingine a ƙofarmu, wanda muke rainawa don ba a kiransa aiki, ba a biya a kansa.

'Yan'uwa ƙaunatattu, ku ji ni da kyau. Ban ce rashin aiki abu ne mai daɗi ba. Na san akwai a cikinmu waɗanda suka gama makaranta tuntuni suna zaune, akwai waɗanda aka sallama, akwai magidantan da gaisuwar safe ma take yi musu nauyi. Ku nemi aiki da ƙarfinku, ku yi addu'a, mu ma ikilisiya muna yi tare da ku. Mutumin nan bai yi laifi ba da ya nemi aiki. Kuskurensa shi ne ya ɗauka in babu aiki shi ba kome ba ne, alhali akwai wanda ya durƙusa ya gode wa Allah saboda dawowarsa hannu wofi. Haka Ubanmu na sama yake dubanka. Ba masaƙa ce ta ba ka daraja ba, rufe ta kuma bai ɗauke maka ita ba.

Ubangiji ya san gidanka. In lokacin kiranka ya yi, zai same ka ko kana kan itace. Aikin mutumin nan ya dawo, ya same shi har zaure, mahaifinsa ne bai dawo ba.

Saboda haka kowa ya tambayi kansa kafin ya fita daga nan: wa yake ta ce mini, zo ka taya ni, ina ce masa gobe? Ko tsohuwarka ce, ko ɗanka da bai taɓa samunka a gida da rana ba, ko maƙwabcin da ke kwance. In har yanzu yana kiranka, sauko daga dutsen yau.