Mai Maganin da Aka Daina Ɗaukowa

Akwai wani matashi a Agiye mai suna Mudassir, malamin lissafi a lakol, wato makarantar boko. Yana da kaifin kai, kuma ya san yana da shi. Duk Lahadi bayan la'asar yakan haɗu da abokansa uku a fadarsu, gindin wani itacen bedi da ke ƙofar gidan su Abdurrahaman. A shimfiɗa tabarma, a ɗora shayi a kan gawayi.

Sauran fadodin unguwar karta suke bugawa. Su kuwa wani wasa suke yi wanda Abdurrahaman ya koyo lokacin da yake karatu a Yamai. Suna ce masa wasan Tafiya.

Abdurrahaman ne mai jan labari. Shi ke faɗin dajin da aka shiga da dodon da ya tare hanya. Sauran ukun kowa da jaruminsa, kowane jarumi da sana'arsa. In ka ce jaruminka zai yi wani abu, sai ka jefa ƙwayar lido, ita ce za ta nuna ko ya dace. Taswirar ƙasar a bayan kwali aka zana ta, jaruman kuma marafan kwalba ne.

Jarumin Mudassir mayaƙi ne, ya sa masa suna Baƙin Ƙarfe. Na Tijjani, wani tela da bakinsa ba ya hutawa, maharbi ne. Na Hayatu kuwa mai magani ne, tsoho mai gora a kafaɗa. Ba ya sara, ba ya harbi. Aikinsa ya bi bayan mutane yana ɗaure musu rauni.

Hayatu da Mudassir tare suka tashi. Hayatu ɗan kabu-kabu ne a da, yana ɗaukar fasinja a moto, wato babur, har ranar da mota ta kaɗe shi a hanyar Gazawa. Ƙafarsa ta hagu ta ɗoru a karkace, ciwon kuma bai taɓa rufewa sosai ba. Tun daga nan ba moto, ba gona. Yana zaune da mahaifiyarsa Tani a can ƙarshen gari, inda rairayi ke haɗiye taya. Mudassir ne ke zuwa ɗauko shi duk Lahadi, ya mayar da shi kafin magariba.

Da farko da daɗin rai yake yi. Daga baya abin ya fara yi masa nauyi. Sai ya tura moto a cikin rairayi, ya tsaya jiran Hayatu ya gama naɗe ƙafa, su iso fada an shanye shayin farko.

A cikin wasan ma jiran ne. Duk sanda aka ji wa Baƙin Ƙarfe ciwo, dole ya kwanta sai tsoho ya iso. Hayatu kuma ya iya muryar tsohon nan. Zai gyara zama, ya shaƙe murya, ya ce, "Kwanta nan, sarkin gaggawa, in ga abin da ka yi wa kanka yau."

Sai fada ta ɗauki dariya. A duk mako, a nan kaɗai ake jin dariyar Hayatu. Mudassir ma yakan yi, amma tasa ba ta wuce haƙora.

To, wasan yana da wata doka. In jarumai suka gama wani babban zango, kowa yana samun mataki ɗaya ya ƙara a sana'arsa. An yarda mutum ya zuba matakin a wata sana'ar daban, shi ake kira haɗa sana'a. Sai dai babbar baiwar kowace sana'a tana mataki na bakwai, kuma ba mai kai mata sai wanda ya tsaya a hanya ɗaya.

Suna mataki na huɗu Mudassir ya zauna ya yi lissafinsa. Huɗu a yaƙi sun ishe shi sara. In ya zuba biyu masu zuwa a magani, zai iya ɗaure wa kansa rauni. Na bakwai ya sa a harbi, don abin da ke nesa. Jarumi ɗaya, sana'a uku, ba jiran kowa.

Ya ja Abdurrahaman gefe ya gaya masa.

Abdurrahaman ya ce, "Doka ta yarda. Amma ai muna da mai magani."

"Muna da shi in na je na ɗauko shi," in ji Mudassir.



Watanni suka wuce, Mudassir yana bin shirinsa a hankali ba tare da ya nuna ba. Ranar da suka kai mataki na bakwai, Hayatu har tafi ya yi. Tsohonsa ya samu babbar baiwar magani: zai iya tashin jarumin da ya faɗi.

Ya ce, "Yanzu kowa ya mutu yadda yake so, ina nan."

A wannan zaman aka soki Baƙin Ƙarfe da mashi. Hayatu ya tura marfinsa gaba, ya gyara murya zai fara. Mudassir ya ɗaga masa hannu.

"Bar shi. Na iya."

Ya jefa ƙwaya, ya ɗaure wa jaruminsa rauni, sannan ya bayyana musu yadda ya tsara abin tun daga tushe. Tijjani ya buga cinya yana dariya. "To, tsoho, an yi maka ritaya ba sanarwa. Sai ka riƙa riƙe muna takalmi."

Hayatu ya yi murmushi, ya jawo marfinsa baya.

Lahadin da ta biyo, Mudassir bai bi ta ƙarshen gari ba. Ana zuba shayin farko yana zaune, karon farko cikin lokaci mai tsawo. Wayarsa ta yi ƙara.

Hayatu ya ce, "Na shirya tun ɗazu. Ko moton ne ya ƙi?"

"Moto lahiya lau. Gaskiya, abokina, yanzu tafiyar ba ta buƙatar mai magani. Ka huta da ƙafarka."

Hayatu ya ce, "To." Ya kashe.

Abdurrahaman ya ce a cikin labarin, tsoho mai magani ya tsaya wani ƙauye yana hutawa, ya ɗauki marfin ya jefa a gwangwanin shayi. Tijjani ya ce zai leƙa Hayatu cikin mako. Ɗinki ya yi masa yawa, bai je ba. Abdurrahaman kuma ya ɗauka ai Mudassir yana zuwa, tunda abokin yarintarsa ne.

Wasa ya yi sauri yadda Mudassir yake so. Wata Lahadi cikin damina, ana tsakiyar faɗa da 'yan fashin daji, Hayatu ya sake kira. Mudassir ya ɗauka da ƙwaya a hannu. "Muna tsakiyar yaƙi, zan kira ka." Bai kira ba.

Aka yi girbi, aka tone aya, labari ya kai ƙarshen da suka daɗe suna nufa: dodon tsohuwar rijiya.

A nan lissafin ya nuna inda ya gaza. Saran Baƙin Ƙarfe na mai mataki huɗu ne, bai huda fatar dodon ba. Kibiyarsa ta ɗan koyo ce. Maganinsa kuwa na ƙananan raunuka ne. Dodon ya make shi sau biyu, Abdurrahaman ya kifar da marfin.

"Ya faɗi. In ba a tashe shi kafin zama mai zuwa ba, an binne shi."

Sama da shekara Mudassir yana gina jarumin nan. Ya ce, "Ba ni marfin tsoho in jefa masa."

"Ba mai jefa wa jarumin wani," in ji Abdurrahaman. "Ka san inda mai shi yake."

Washegari da Mudassir ya tashi daga lakol, ya ɗauki hanyar ƙarshen gari. Rairayin yana nan yadda ya bar shi. Ya yi sallama, Tani ta fito tana goge hannu a zane.

"Mudassir? Ashe kana gari."

"Ina nan, Inna. Ayyuka ne suka yi yawa."

"Haka ne. Shiga, yana ciki."

Hayatu yana zaune a inuwar zana, ya rufe ƙafafunsa da mayafi. Ya rame. Suka gaisa sama-sama, Mudassir ya tsuguna ya shiga ba shi labari: rijiyar, dodon, yadda ƙwaya ta ƙi shi sau uku a jere. Yana yi yana nuni da hannu. Hayatu yana saurare har ya gama.

Sannan Hayatu ya miƙa hannu zai jawo buta, mayafin ya zame. Ƙafar hagu a gwiwa ta tsaya.

Mudassir ya kasa ɗauke ido. Da ƙyar ya ce, "Yaushe?"

"Tun damina. Ciwon ya shiga ƙashi. A Maradi aka cire."

"Mi ya sa ba ka gaya muna ba?"

"Na kira ka ranar da za a tafi da ni. Kuna tsakiyar yaƙi."

Tani tana tsaye bakin ɗaki. Ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, "Amalanken Ɗanbaba maƙwabcinmu ne ya kai shi tasha. Jakin ma ya san hanyar gidan nan yanzu, ɗana."



Hayatu ya mayar da mayafin, ya ce, "Ka zo da ƙwayar?"

Tana aljihun gaba na rigar Mudassir. Tun safe ya saka ta don kada ya manta. Ya so ya ce a'a, amma Hayatu ya riga ya miƙo tafin hannu.

"Kira Abdurrahaman, ya ji da kunnensa."

Mudassir ya kira, ya buɗe muryar wayar. Hayatu ya jefa ƙwayar a cikin faranti, ta tsaya a biyar. Bai shaƙe murya ba, bai yi ta tsoho ba. Da muryarsa ta kullum ya ce, "Abdurrahaman, na tashi Baƙin Ƙarfe."

Daga can Abdurrahaman ya ce, "Ya tashi. Hayatu, ya jikin? Yaushe za ka dawo muna?"

"Mudassir zai gaya muku."

Hayatu ya miƙa wa Mudassir ƙwayar. "Ka samu abin da ka zo nema. Ka gaida 'yan fada."

"Lahadi zan zo in ɗauke ka," in ji Mudassir. "Wallahi kowace Lahadi."

"A'a. Da can ina ƙirga kwanakin mako don Lahadi. Kun koya mini zama, na kuma iya. Kada ka wahalar da motonka."

Ba a daɗe ba kawun Hayatu ya zo ya tafi da shi Gidan Rumji, yana zama masa a rumfar hatsi. In Mudassir ya kira, yakan ɗauka. Ya amsa gaisuwa lahiya lau, ya tambayi lakol, sannan ya ce ga mai saye ya zo.

A fada kuwa, Lahadin da ta biyo bayan zuwan Mudassir gidan Hayatu, Abdurrahaman ya shimfiɗa kwali, ya tsayar da marfin Baƙin Ƙarfe a bakin rijiya. Mudassir ya faɗa musu abin da ya gani. Tijjani bai yi raha ba ranar. Aka miƙa wa Mudassir ƙwaya, ya juya ta a hannu har shayi ya huce, ya ajiye.

Ba a taɓa kashe dodon ba. Yanzu karta suke bugawa kamar kowace fada. Baƙin Ƙarfe yana nan da ransa a cikin gwangwanin shayi, kusa da marfin tsoho mai magani.

Darasi: Kafin ka tsara rayuwarka yadda ba za ka buƙaci kowa ba, duba wanda za ka bari ba wurin zama. Wani, ɗan abin da yake yi maka shi ne abin da ya rage masa na jin yana da amfani. Kuma kada buƙata ta zama ita kaɗai ke kai ka ƙofar aboki, don yana iya biya maka ita, ya rufe ƙofar a hankali. Ku tura wa 'yan fadarku da 'yan uwanku wannan labari, sannan ku kira mutumin da kuka ce za ku kira.