Jakunan Dawa Daga Ƙetaren Kogi

An yi wani mai gari wanda yaƙi ya kewaye garinsa. Samari sun tafi fagen fama, gonaki sun koma saura, fatake sun daina zuwa. Dawa ta yi tsada, har abin da ya sayi buhu bara ya kasa sayen mudu bana.

Mai gari ya fusata, ya sa aka yi shela cewa duk wanda ya ƙara farashi zai sha bulala. Kasuwa ta ci, ba a ga ƙwayar dawa ko ɗaya ba. Masu hatsi sun toshe rumbunansu, sun koma sayarwa ta bayan danga, da tsadar da ta fi ta da.

Sai wata tsohuwa ta zo ƙofarsa da ɗan damin dawa a ka. Ta ce, "Ranka ya daɗe, irin shukarmu ke nan. Jikokina na kukan yunwa, yau zan dake shi. In damina ta sauka, sai mu shuka bulalarka."

Mai gari ya sunkuyar da kai. Yana da aboki a ƙetaren kogi inda yaƙi bai kai ba, kunya ce kawai ta hana shi aikawa. Ya ce, "Iya, ki yi mini haƙuri zuwa kasuwa mai zuwa. Kada ki taɓa irin nan." Ya haɗiye girman kansa, ya aika.

Ranar kasuwa sai ga jakuna jere da buhuna. Jakadan abokin ya ce, "Maigidana ya ce kada a kai fada a raba wa dangi. A zube a tsakiyar kasuwa, a auna wa kowa a tsohon farashi, har kaka. Wasu jakunan na tafe."

Da masu ɓoyo suka ji wasu na tafe, sai suka shiga lissafi. Wa zai sake zuwa bayan danga? Kowa ya ruga ya buɗe rumbunsa kafin ƙwari su riga shi. Farashi ya faɗi warwas. Tsohuwa ta tuƙa wa jikokinta tuwo, da ruwa ya sauka ta shuka irinta.

To ga ma'anar misalin, ku buɗe kunne, kada wani ya ce ban faɗa ba. Garin nan kowace ƙasa ce da yaƙi ya ci ƙarfinta. Tsada ba ta jin tsawa, kaya take ji. Taimakon da ke zuwa daga wasu ƙasashe alherin Allah ne ta hannun maƙwabci, neman sa ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne ya zo ya maƙale a gidan manya.

Kai kuma ɗan'uwa da ka fi kowa ɗaga murya a waƙar sujada, alhali rumbunka a toshe kana jiran maƙwabcinka ya daka irinsa: Ubangiji ya ji kukansa, taimako na hanya. Je ka buɗe tun da mutuncinka.