Ƙwaryar Gwaggo Shatu da Mataki na Tara

Akwai masu wani hali a cikinmu, ba zan kama suna ba, sun san kansu. Da sun yi shekara biyu a waje sun dawo, komai na gidan uwarsu ya zama datti. Ba su tambaya, ba su tsayawa su duba, sai dai "a zubar, a sayo sabo". To ku matso, da ku nake.

Akwai wata mata 'yar Tajaye, sunanta Nasiba. Tun tana lakwal a Illela malamai suka gaji da tambayarta. Me ya sa kanwa ke sa wake ya nuna da wuri? Me ya sa ruwan soɓorodo ke sauya launi in ruwan toka ya ɗiga a ciki? Tambayar nan ce ta kai ta Yamai, daga Yamai ta kai ta Turai, har ta zama dokta a ilimin haɗa sinadarai.

Ga aikinta a taƙaice. A cikin ƙwayoyin jikin mutum akwai wani abu da ake kira kinaz. Shi ke ba ƙwaya umarni ta rabu biyu, in ta rabu ya yi shiru. A wasu irin ciwon daji, kinaz ɗin nan ba ya yin shiru, umarni yake ta bayarwa ba tsayawa. Nasiba tana neman sinadarin da zai toshe masa baki, ba tare da ya taɓa 'yan uwansa masu aikin kirki ba.

Irin wannan sinadari ba tono shi ake ba, ba a itace ake tsinko shi ba. Gina shi ake, mataki bayan mataki, a cikin kwalabe. Shekara bakwai tana gini ana zubarwa. Wani ya toshe kinaz amma ya kashe lafiyayyun ƙwayoyi, wani ya ƙi narkewa a ruwa. Sai na ɗari uku da sha biyu ya yi abin da ake so.

Mataki goma sha ɗaya ake bi a gina shi, kuma na tara shi ne abin alfaharinta. A nan ake haɗa rabi biyu na sinadarin su zama ɗaya. Duk masu wannan sana'a sai sun zuba ɗan wani ƙarfe mai tsada, paladiyom, kafin haɗin ya kama. Ita kuwa nata ya kama haka nan. Ta tsaya gaban taron masana ta ce, "Ba na zuba komai." Aka yi mata tafi.

Aka ba ta sabon ɗakin gwaji. Ta tattara tsoffin kayan aikinta ta jefa a kwali, ta sa aka kawo sababbi dal.

Daga ranar mataki na tara ya ƙi.

Ta sauya zafi, ta sauya lokaci, ta sauya wurin sayen sinadarai. Sau arba'in tana gwadawa, sau arba'in rabi biyun nan na zaune a kwalba kamar ba su san juna ba. Shef ɗinta, wato shugaban aikin, ya kira ta buro, ofishinsa, ya ce, "Nasiba, ni ban ce kin yi ƙarya ba, amma wasu sun fara faɗa. In wata mai zuwa ya ƙare bai fito ba, za a rufe aikin, kuma za a binciki duk abin da kika rubuta."

Shekara bakwai da sunanta, duka a kan mataki ɗaya. Kanta ya cika, ta ɗauki hutun kwana goma ta taho Tajaye.

A gida akwai Gwaggo Shatu, ƙanwar mahaifinta, wadda ta rene ta. Tsohuwa ce mai shanu huɗu, kuma kindirmonta ba ya kai azahar a kasuwa. Nasiba ta ga ƙwaryar da ake zuba madarar: ta yi baƙi, ta tsage an ɗinke ta wuri uku. Ranta ya ɓaci. Ba ta ce wa kowa komai ba, ta shiga mota zuwa Konni ta sayo kwanonin silba masu ƙyalli.

Ranar da Gwaggo ta tafi suna a maƙwabta, Nasiba ta ɗauko ƙwaryar da maburgin da ake burga nonon da shi. Ta dirje su da sabulu, ta jiƙa su a ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta, ta kwarara musu tafasasshen ruwa. Madarar yamma kuwa ta raba biyu, rabi a ƙwaryar, rabi a sabon kwano.

Da safe Gwaggo ta ɗaga faifai. Duka biyun sun tsinke, ruwa a sama, guda-guda a ƙasa. Ta shinshina ƙwaryar, ta ɗago kai.

"Wa yat taɓa min ƙwarya?"

"Ni ce, Gwaggo. Wanke ta na yi. Dattin da ke cikin tsagar nan..."

"Datti! Ku ji min Dokta. Shekara ashirin nika ɗauraye ƙwaryag ga in kihe ta ga rana, yau ke za ki koya min wanki? Kin kashe ta!"

"Haba Gwaggo, ƙwarya tana mutuwa?"

"Ga gawa nan gabanki, shaƙa ki ji. Turai anka kai ki ko masana'antar sabulu?"

Nasiba ta buɗe baki za ta mayar da magana, sai tsohon ciwonta na tambaya ya riga ta. Ta jawo kujera ta zauna.

"To tsaya. Mi kike zubawa cikin madarar ta kwanta?"

"Ba ni zuba komi."

"Ko ɗan tsohon nono?"

"Ke, na ce miki ba komi. Ƙwarya ka aikinta. Sabuwar ƙwarya ba ta san nono ba, sai ta kwana da na tsohuwa ta koya."

Nasiba ta ɗauki ƙwaryar ta bi ɗinkin da farce. Abin da ke zaune a irin wannan tsaga ta san shi tun tana lakwal: ƙananan halittun da ke mayar da madara nono. Ba wannan ne ya tsayar da ita ba. Maganar ce. "Ba ni zuba komi." Ita ma abin da ta faɗa ke nan a gaban taro.

Gwaggo ba ta zubawa, amma abin yana nan cikin tsagar. To ita fa?

Su ma a ɗakin gwaji suna da nasu maburgin, ɗan fari kamar ƙwallon dabino, da ake jefawa a kwalba yana juyawa. Wanda ta yi aiki da shi shekara bakwai tsoho ne, ya yi toka-toka, duk ya karce. Gadonsa ta yi daga wani da ya yi shekaru yana aiki da paladiyom.

Ta fizgo salula ta kira Badi'a, abokiyar aikinta.

"Kwalin tsoffin kayana, an zubar?"

"Yana sito. Lafiya?"

"Ki nemo tsohon maburgin. Kar ki wanke shi, don Allah kar ki wanke shi! Ki ɗora mataki na tara a kwalba biyu, ɗaya da shi, ɗaya da sabo."

Kwana biyu ana jira. A cikinsu Gwaggo ta tura ta gidan maƙwabta aron tsohuwar ƙwarya don a farfaɗo da tata, ta ce, "Da ƙahwarki za ki tahi, kuma in an tambaye ki mi yas sami tawa, ki hwaɗi da bakinki." Dokta guda ta tsaya a tsakar gidan mutane tana bayani, mata na dariya har da riƙe ciki.

Rana ta uku Badi'a ta kira. Kwalbar tsohon maburgi ta kama, ta sabo ba ta yi komai ba. An auna karcen, paladiyom na nan maƙale a ciki. Sannan Badi'a ta rage murya.

"Daga ni sai ke muka sani. Ki dawo ki ci gaba da tsohon, aikin zai fito, kowa zai yi shiru."

Nasiba ta auna maganar. In ta yi haka, tafin da aka yi mata yana nan. Amma duk wanda ya karanta hanyarta a wata ƙasa zai zauna ya gwada sau arba'in shi ma, ya zaci shi ne bai iya ba.

"A'a," ta ce. "Yau zan rubuta wa shef."

Ta koma ta tsaya gaban mutanen da suka yi mata tafi, ta ce abin da ta faɗa ba daidai ba ne, akwai ƙarfe a ciki, ita ce ba ta duba ba. Wasu sun yi murmushin mugunta, har yanzu akwai masu kiran ta da sunan maburgi. Amma ba a rufe aikin ba. Da aka auna paladiyom aka zuba da gangan, mataki na tara bai sake ƙi ba, a hannunta ko a hannun wani. Sinadarin yana wurin masu gwaji yanzu. Ko zai zama magani, Allah ne masani.

Da ta kira gida ta ba da labari, Gwaggo ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ashe can ma ba ku tambaya kahin ku wanke. To ɗiyata, ƙwaryata dai ta hwara dawowa. Kwanoninki kau na sa ma kaji ruwa."

Darasi: Kafin ka raina abin da ke aiki, tsaya ka tambayi me ke sa shi aiki. In ka gano ba kai kaɗai ba ne, ka faɗa da bakinka kafin wani ya faɗa maka. Ku tura wa wanda kuka san yana bukata. Wanda kuma ya ce bai taɓa karɓar yabo kan abin da shi kansa bai san yadda ya yiwu ba, ga fili nan a ƙasa, ya fito ya musa mu gani.