Ɗigon Sukari a Bakin Zaren Gilashi

Akwai wata ma'aikaciya a kamfanin da ke ɗura zuma a kwalba. Aikinta shi ne gwada duk zumar da aka kawo kafin a karɓa. Tana da wani zaren gilashi siriri kamar gashin kai, wanda haske ke bi ta cikinsa. Takan tsoma bakinsa a zuma, hasken ya shiga ya dawo, kwamfuta ta nuna ko an haɗa da sukari. Shi ya sa abokan aiki ke kiranta Anti Tocila.

Wata Talata, wani dattijo mai kiwon ƙudan zuma ya kawo jarka tara. Shekara shida ke nan yana kawo musu. Ta gwada, allon ya nuna ja. A gaban direbobi da masu dako ta ce zumarsa algus ce. Nan take manaja ya ce a daina karɓar kayansa.

Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ce, "'Yata, ban san yaren na'urarki ba, amma na san abin da na zuba a jarkokin nan." Ya koma benci a bakin ƙofa yana jiran mota.

Ta koma ɗakin gwaji, zama ya gagare ta. Ta buɗe abincinta, ta rufe. Ta leƙa taga, dattijon yana nan, hula a kan gwiwa. Ta zauna, ta sake miƙewa. Sai idonta ya faɗa kan kofin da ake wanke bakin zaren. A bushe yake ƙayau.

Sai ta tuna: da safe ta tsoma zaren a ruwan sukari don nuna wa wasu baƙi yadda yake aiki. Waya ta shigo, ta goge shi da tsumma kawai, ba ta wanke da ruwan ɗumi ba.

Ta gaya wa wata abokiyar aikinta, ita kuwa ta ce mata ta rufe bakinta, tunda ba wanda ya gani, ga shi ana shirin ƙara mata girma a watan. Tsohon ai zai samu wani mai saye.

"Mai saye zai samu," in ji ta. "Mutuncinsa fa?"

Motar ta riga ta iso, an ɗora jarka biyu. Ta fita da sauri ta roƙi a sauke. Ta wanke zaren, ta gwada shi a ruwa zalla, sannan ta bi jarkokin ɗaya bayan ɗaya. Duka tara suka fito kore.

Ta kira manaja wajen, gaban mutanen ɗazu, ta faɗi abin da ta yi. Ta durƙusa ta ce, "Baba, laifina ne. Ka yafe mini."

Dattijon ya kalli zaren da ke hannunta, sannan ya yi dariya. "Ashe na'urar ma sai an wanke mata baki take faɗar gaskiya."

An ba ta takardar gargaɗi, ƙarin girman ya wuce ta a shekarar. Amma tun daga ranar, duk mai kawo zuma da ya shigo, cewa yake shi dai Anti Tocila ce za ta gwada masa.

Darasi: Na'ura komai kyanta, hannun mutum ne ke riƙe da ita. In ka kunyata wani a bainar jama'a bisa kuskure, to a bainar jama'a za ka wanke shi, ko da zai ja maka asara. Ku tura wa duk wanda hukuncin wasu ke hannunsa.