Na-Sani da Sauran Ashirin da Takwas

Akwai wani bakanike da ake wa laƙabi da Na-Sani. Ba a banza sunan ya bi shi ba, domin kafin ka kai ƙarshen maganarka ya tare ka da "Na sani, na sani." Amma a ba shi haƙƙinsa, in dai injin mota ne, hannunsa na da kyau.

Wata Litinin 'yarsa ta fari, mai aiki a wani gidan talabijin, ta bugo waya har numfashinta na sarƙewa don murna. Ranar Asabar da ƙarfe huɗu na yamma za ta karanta labarai kai tsaye, karo na farko a rayuwarta.

Gida ya kaure da ihu. Mahaifiyar Na-Sani, wadda kowa ke kira Kaka, ita ta raini yarinyar tun tana goye. Ta fizge wayar ta ce, "Takwara, ki sa 'yan kunnen nan nawa da na ba ki. So nake in gan su a kunnenki."

To fa! Idon Kaka ya yi rauni, talabijin ɗin gidan kuma hotonta dishi-dishi ne. Na-Sani ya bugi ƙirji ya ce, "Inna, wallahi har gashin girarta sai kin ƙirga."

Washegari ya shigo da ƙatuwar talabijin da sabuwar dikoda ta HD, irin mai hoto tar kamar ka miƙa hannu ka taɓa mutum. Ya bi layi gida-gida yana gayyata, har mai shagon da suka yi wata biyu ba sa ga maciji bai tsira ba.

Ranar Alhamis aka kira Baba Mai Dish, dattijon da ya kafa musu dish shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ya hau tsani a hankali, ya canza kan dish da waya, ya sauko ya jona. Hoto ya fito garau, har matar gidan ta yi tsalle.

"Saitin daidai yake, kada a taɓa," in ji Baba. "Notin da ke riƙe shi ya ci tsatsa, mako mai zuwa zan kawo sabo."

Amma idon Na-Sani na kan wata lamba a gefen allo, mai nuna ƙarfin sigina.

"Baba, saba'in da biyu? Na biya HD cikakke ka ba ni saba'in da biyu? Ina sauran ashirin da takwas?"

"Ɗana, ko a shagon masu sayarwa ba ya kai ɗari. Wannan ya isa har ya yi..."

"Na sani, na sani. Ku dai kun saba da eriyar da ake ɗaura wa a sanda. Zamaninku ya wuce, Baba."

Dattijo ya tattara kayan aikinsa. Ya rataya jakarsa ya fita.

Ranar Asabar tun ƙarfe uku falo ya cika maƙil. An aro kujeru, an ja kujerar Kaka dab da allo, ta goge tabarau ya fi sau biyar. Na-Sani kuwa ashirin da takwas ɗin nan ta hana shi sakat. Ya zari sifana ya nufi tsani.

"Baban yara, don Allah ka bar abin nan," in ji matarsa.

"Ni da nake sauke injin tirela, wannan farantin ne zai gagare ni?"

Ya hau, ya sa sifana, noti ya ƙi motsi. Ya tattara ƙarfin gareji ya murɗa. Ƙas! Noti ya karye, dish ya sunkuyar da kai, allo ya yi baƙi ƙirin.

Salati ya tashi a falo. Matar ta tsaya a taga, mai shago ya tsaya a tsakar gida yana miƙa saƙo sama.

"Ya kawo!"

"Ya ɗauke!"

"Koma baya! A'a, ka wuce!"

Abin da Na-Sani bai sani ba shi ne, sabuwar dikoda sai ta ɗan jira kafin ta nuna hoto. Shi kuma juya dish yake kamar sitiyari, kafin a ce ya kawo har ya yi gaba. Gumi ya jiƙe shi sharkaf. Daga can ƙasa ya ji muryar Kaka: "Shi ke nan, ba zan gan ta ba?" Wallahi maganar nan ta soke shi.

Matar ba ta nemi izinin kowa ba, ta buga wa Baba waya. Huɗu saura minti bakwai sai ga ƙarar tsohon babur ɗinsa a ƙofar gida. Ya hau tsani yana dafa gwiwa. Na-Sani ya kasa haɗa ido da shi.

Baba ya goge jikin ƙarfen da ke ɗauke da dish da babban yatsa, sai ga wani siririn zane da ya yi da ƙusa tun ranar da ya kafa dish ɗin.

"Kawo shi kan wannan. A hankali, kamar kaurin farce. Tsaya! Ƙirga biyar."

Ɗaya, biyu, uku...

"Ya kawoooo!" Gidan kamar zai tsage.

"To, noti ya karye, kuma babu lokacin nemo wani," in ji Baba. "Sai an riƙe da hannu. Kada ka motsa, bari in sauka in duba hoton."

Haka Na-Sani ya tsaya cikin rana, hannu biyu a kan dish. Ya ji kiɗan buɗe labarai. Ya ji muryar 'yarsa tana gaida masu kallo, falo ya ɗauki tafi. Sai muryar Kaka ta keto ta cikin hayaniya: "Ga su nan! Ga 'yan kunnena! Wayyo Takwara, har ɗan tabon goshinta ina gani!"

Duk layin na kallon 'yarsa, shi kaɗai ne ba ya gani. Hawaye ya zubo masa, ba hannun sharewa.

Kafaɗunsa sun fara rawa ke nan sai ya ga farar hula ta ɓullo a saman tsani.

"Sauka ka ga 'yarka," in ji Baba yana haki.

"Baba, bayan abin da na faɗa maka?"

"Ni na gan ta, kai kuwa kai ka haife ta. Zare hannunka a hankali in sa nawa."

Na-Sani bai san yadda ya sauko ba. Ya kutsa falo saura minti ɗaya a gama. Ga ta nan tar, 'yan kunnen Kaka na ƙyalli, ta yi murmushi ta yi wa masu kallo sallama. Kaka ta kamo hannunsa ta matse.

Ya fita da gudu ya riƙe wa Baba tsani. Dattijo ya leƙo daga sama ya ce, "Sigina nawa ya nuna?"

"Saba'in da biyu, Baba."

"In ƙaro maka ashirin da takwas ɗin?"

"Don Allah Baba ka rufa min asiri, ka yafe min. Ban sani ba."

Matarsa ta ce shekara ashirin da shida suna tare, ranar ta fara jin wannan kalma daga bakinsa.

Darasi: Ƙwarewarka a sana'arka ba ta sa ka zama gwani a ta wani. Kada sabon kaya ya sa ka raina tsohon hannu, kuma kada neman ɗan abin da ya rage ya sa ka ɓata mai yawan da ke hannunka. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman wancan Na-Sanin na gidanku.