Masarar da Aka Shuka a Kan Tudu

Akwai wani maigida da yake da irin masara mai kyau ƙwarai. Wata rana ya kira ɗaya daga cikin manomansa, ya ba shi jaka guda ta irin, ya ce, “Ka tafi ƙasar da take hayin babban kogi, ka shuka musu wannan, gama ba su da shi. Wata uku na ba ka, sa'an nan ka komo.”

Manomin nan kuwa gwani ne a ƙasarsu, ya kuma san shi gwani ne. Ƙasarsu ta ƙarancin ruwa ce, saboda haka a cikin kwari suke shuka, inda ɗan ruwan da ya sauka yake taruwa. Da ya isa baƙuwar ƙasar, aka ba shi fili kusa da gonar wata tsohuwa. Bai ji harshenta ba, ita ma ba ta ji nasa ba. Ya tona kwari kamar yadda ya saba, ya zuba rabin irin. Tsohuwar ta zo tana girgiza kai, tana nuna masa sama, tana nuna masa ƙasa. Shi kuwa ya yi mata murmushi irin na mai ilimi, ya ci gaba da aikinsa.

Sai ruwa ya sauko, irin wanda bai taɓa gani ba, kwana bakwai ba ɗaukewa. Da ya tona kwarin ya duba, iri duk ya ruɓe. Ya zauna a bakin gona ya yi kuka, gama wata guda ya wuce, rabin amanar maigidansa kuma ya lalace a hannunsa.

A nan ne mutumin ya burge ni. Bai ɗaure kayansa ya ce ƙasar ba ta da albarka ba. Washegari ya jingine doguwar hauyarsa ta gida, ya je gonar tsohuwar, ya miƙa hannu biyu ta ba shi gajeriyar fartanyarsu. Mako biyu yana duƙe a bayanta yana koyon tara tudu, jikokinta suna yi masa dariya don tudunsa yakan karkace. Ya ci tuwon rogonsu, ko da yake da fari da ƙyar yake wucewa. Ya koyi gaisuwarsu, ya yi ta kuskure, suna gyara masa. Bayan haka ya shuka sauran irin a kan tudu, ruwa ya bi ta gefe ya wuce, masara ta tsiro.

Amma wata uku ba su jira shi ba. Masara ta fara goyo ke nan ranar komawarsa ta yi. Kafin ya tashi, ya kai tsohuwar ɗakin girkinta, ya nuna mata yadda za ta zaɓi manyan masara ta rataye su a saman murhu, hayaƙi ya tsare su daga ƙwari har wata damina. Ya tafi bai gasa ko guda ɗaya ya ci ba.

Ya tsaya gaban maigidansa da kunya, ya ce, “Ranka ya daɗe, rabin irin na ɓata da taurin kaina. Sauran kuma ban ga girbinsa ba.”

Maigidan ya kama hannuwansa ya duba kantar da fartanya ta yi masa, ya ce, “Sun san yadda za su ajiye iri?”

Ya ce, “Sun sani.”

Maigidan ya ce, “To, ai ka yi abin da na aike ka.”

Bayan shekara uku wani falke ya kawo wa manomin masara guda, baƙa ƙirin da hayaƙi. Daga wani ƙauye ta fito, tafiyar kwana biyu gaba da na tsohuwar, inda ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba.

Ma'anar wannan misali ita ce: maigidan Ubangiji ne, irin kuwa bishara ce, ba ta canjawa a kowace ƙasa. Hauya da kwari su ne al'adunmu, waɗanda muka saba da su har mukan ɗauka su ne bisharar. Manomin shi ne duk wanda ya bar gida na ɗan lokaci don ya koyi aikin bishara a ƙasar waje, kamar 'yar'uwarmu Briskila da za ta tashi a watan gobe. Za ta yi kuskure, za a yi wa harshenta dariya, mai yiwuwa kuma ta dawo ba ta ga girbi ba. Ni dai ina girmama masu irin wannan tafiya da dukan zuciyata.

Ku kuma da kuka iya tambaya, na san ku. Ranar da ta dawo, kada wani ya tare ta a ƙofar majami'a da “Mutum nawa suka tuba?” Ku ba ta ruwa ta sha, ku dubi hannuwanta, ku tambaye ta wa ta koya wa ajiye iri.