Arzika da Ƙanzon Bunsuru

Ga ta nan, ga ta nanku, ku masu lashe gindin tukunya.

Ta zo mu ji ta.

To ku matso. Kai mai hamma, rufe bakin nan kada ƙuda ya tare a ciki.

A wani gari an yi wani mutum wai shi Arzika. Sunan ne kawai, don a lokacin ko kaza ba shi da ita. Shi da matarsa Lanti tukunya ɗaya gare su. In an samu dawa aka yi tuwo, da safe Lanti ta kankare ƙanzon, ta jiƙa shi, ta daka ƙuli-ƙuli da barkono ta kwaɗa. Su zauna gindin murhu, akushi ɗaya, suna ci suna faɗa a kan wa ya fi wani babbar loma.

Ana nan sai Arzika ya shiga fataucin fata, fata kuwa ta karɓe shi. Ya gina ƙaton gida, ya naɗa rawani, ya zuba masu aiki. Zaurensa ya cika da 'yan ranka ya daɗe, irin waɗanda in ka yi atishawa sai su rantse ba su taɓa jin mai daɗinta ba.

Abinci kuwa sai wanda ya gani: shinkafa, kaji, funkaso, alkaki. Amma wa zai kai wa attajiri ƙanzo? Sai a kwashe a zuba wa bunsurun bayan gida.

Arzika ya kasa cin komai. A kawo kaza ya yatsina fuska, a kawo alkaki ya kau da kai. Ya rame, wuya ya yi tsawo, riga ta koma kamar an rataye ta a sanda. Masu magani suka yi ta ɗura masa jiƙo, a banza. Shi ya san ciwonsa, ƙanzo yake so, kunya ta hana shi faɗa. Ko Lanti bai gaya wa ba, don ita ma ta zama matar attajiri, hannu duk awarwaro. Mutum dai yunwa za ta kashe shi a tsakiyar kaji.

Ran nan da safe ya zagaya bayan gida, sai ya ji ƙurus, ƙurus. Ya duba, bunsuru ne da kwanon ƙanzo. Yawu ya tsinke masa.

Ya waiga, ba kowa. Ya ce, "Bunsuru, sam mini kaɗan mana."

Bunsuru ya ɗago gemu ya ce, "Maigida, kai da kanka? Ai nan ba gidan sadaka ba ne. Me za ka ba ni?"

"Me kake so?"

"Rawanin nan."

Sai Arzika ya warware rawani ya miƙa. Bunsuru ya tura masa ɗan guntu. Ya ci, har da lumshe ido.

Kashegari ya dawo. Bunsuru ya ce, "Yau ƙanzo ya yi tsada. Babbar riga."

Sai ya tuɓe ya ba shi, ya samu guntu biyu.

Rana ta uku bunsuru ya ce, "Yau kwanon gaba ɗaya naka ne, har turken. Ni ka bar mini shimfiɗarka ta zaure. Ina so in ji yadda ake ji in ana yi wa mutum fifita."

Arzika ko gardama bai yi ba. Ya tsuguna a turke daga shi sai wando, ya rungume kwano.

Bunsuru ya zura riga, ya naɗa rawani har hanci, ya taka zuwa zaure ya hakimce. Kuna tsammani wani ya gane? Ina fa. Mutanen nan tun da suke ba su taɓa duban fuskar Arzika ba, rigar suke gaisarwa. Wari ya turnuƙe zaure, sai babbansu ya shaƙa ya ce, "Ranka ya daɗe, an sake turare ke nan. Wannan sai manya." Bunsuru ya kama bakin rawani yana tauna, sai kowa ya kama nasa yana tauna. Ya zubo 'yan ƙwalayensa a kan shimfiɗa, wani ya tsince ya ƙulle a gefen riga, wai tsarabar yara.

Can bayan gida kuwa Arzika ya sa hannu zai kai loma, sai ya ji tafiya. Ya maƙale bayan rumbu. Sai ga Lanti tana sanɗa, tana waige-waige. Ta tuɓe awarwaro, ta jawo wani ɗan akushi daga ƙarƙashin zane, ta tsuguna ta fara ci. Kwaɗon ƙanzo ne, har da albasa.

Arzika ya fito ya ce, "Lanti."

Ta zabura, loma a baki. Ta dube shi, ba riga, ba hula, ga kwanon bunsuru a hannu. Ya dubi akushinta.

Ya ce, "Tun yaushe?"

Ta ce, "Tun ranar da muka tare a gidan nan, Maigida. Kullum nake sace rabin na bunsuru. Na ɗauka in ka gani za ka ce na zubar maka da girma."

Ya ce, "Ni kuma na kusa mutuwa don kada ki gani."

Suka yi dariya har Lanti ta ƙware, daga nan dariyar ta koma hawaye. Shekara da shekaru gida ɗaya, kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa yunwa iri ɗaya. Suka haɗa kwano biyu suka cinye tas, suna faɗa a kan loma.

Arzika ya shafa ciki ya ce, "Ni na gama da dukiya. Bunsuru ya riƙe, mu zauna nan."

Lanti ta ce, "Ji wauta. Da me za a sayi dawar da za ta yi ƙanzon? Ka manta ranakun da tukunyar ma ba a ɗora ba, muka kwana muna jin ƙugin cikin juna? Ni ban manta ba. Tashi."

Ta wuce zaure, ta cafki gemun mai rawani, ta finciko shi. 'Yan ranka ya daɗe suka ɗauki salati. Ta tuɓe masa rigar da rawanin, sai ga ƙaho da kofato. Babbansu ya tofar da rawanin bakinsa ya ce, "Wallahi tun ɗazu nake cewa a raina warin nan bai yi mini ba."

Arzika ya mai da rigarsa, bayan an wanke ta sau uku. Ya sa aka kawo tukunya tsakiyar zaure, ya naɗe hannun riga ya kankari ƙanzo a gaban kowa. Kafin ya haɗiye, duk sun rantse su ma tun suna yara ba su da abinci kamarsa. Ya ce su je su ci a gidajensu, nasa na mutum biyu ne.

Bunsuru ya yi biyu babu. Ba zaure, ba ƙanzo, don yanzu ko ɓurɓushi ba ya fita daga hannun Lanti. Shi ya sa har yau in kuka yi shanya sai ya zo yana tauna muku riga, yana tuna kwanan sarautarsa.

To kun ji. Kuɗi su ke ɗora tukunya, wanda ya ce muku ba haka ba, ku duba da kyau, a ƙoshe yake. Amma daɗin yana can ƙasa, sai ka sunkuya, kuma sai da wanda za ku yi faɗa a kan loma.

Ƙurunƙus. Wadda ta kankare tukunyata ɗazu ta san kanta, ga ƙanzo nan a gefen bakinta.